Riƙon yara a Ingila: taimakon da ke jiran mai riƙo

A gida riƙo ba ya buƙatar takarda. Yarinya ta tashi a ɗakin goggonta, yaro ya girma a gidan baffansa, unguwa ta sani, shi ke nan. A Ingila kuwa hukuma tana da ido a kan yaron da ya daɗe a gidan da ba na iyayensa ko danginsa na kusa ba, kuma da wannan idon akwai hannun taimako da yawancin mutanenmu ba su taɓa miƙa wa hannu ba, wasu don rashin sani, wasu don tsoro, da yawa kuma don kunyar a ce sun gaza. Abin da zan faɗa a nan na Ingila ne. Sikotilan da Wales da Arewacin Ailan kowacce da nata tsarin, ko da yake sun yi kama.

Mu fara da riƙon da ya fi saurin faɗo wa sabon zuwa, wato wanda aka yi tsakaninku da iyayen yaro ba tare da hukuma ba. Ƙawarki za ta koma Kano jinya ta bar miki 'yarta, ko ɗan'uwa ya turo ɗansa karatu ya ce ya zauna a wurinka. Dokar Yara ta 1989 ta ce idan yaron bai kai shekara 16 ba (ko 18 idan yana da naƙasa), kuma zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba ɗan'uwansa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukumar da kuke, wadda ake ce wa kansul. Ana so a sanar mako shida kafin yaron ya zo. Idan abin ya zo ba shiri, ko ya riga ya zo, a sanar nan take. Ƙin sanarwa laifi ne a doka.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne wane ne ɗan'uwa na kusa. A wurinsu kaka ce da kakan yaro, yayyensa da ƙannensa, kawu da baffa da goggo da inna na haƙiƙa da matansu ko mazansu na aure, sai mijin uwa ko matar uba da aka ɗaura wa aure. Iyakarsa ke nan. Idan ke da uwar yarinya 'ya'yan wa da ƙane ne, ko ke ƙanwar kakarta ce, ko aminiyar uwarta tun ƙuruciya, to duk da yarinyar tana kiranki Inna, doka ta ɗauke ki bare, sai kin sanar.

Wannan tsananin yana da tushe mai ɗaci. A watan Fabrairu na 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas, Victoria Climbié, 'yar ƙasar Kodebuwa, ta rasu a Landan bayan azabar da ta sha a hannun 'yar'uwar kakanta da saurayin matar. Iyayenta sun ba da ita ne don ta samu ilimi a Turai, irin niyyar da kowannenmu ya sani. Binciken da Lord Laming ya jagoranta ya fito a 2003, daga nan aka yi Dokar Yara ta 2004 da ƙa'idojin riƙon tsakanin iyaye na 2005. Bayan rasuwarta ne kuma wata 'yar Najeriya, Debbie Ariyo, ta kafa ƙungiyar AFRUCA a 2001, wadda har yau take wayar da kan iyalan Afirka a kan dokokin tarbiyya a nan. Ga sabon zuwa, zama ɗaya a taronsu yana sauƙaƙa abubuwa da yawa, don masu maganar sun san daga inda muka fito.

Na san abin da ke ran mutane: in na faɗa musu za su ƙwace yaron. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo gidan cikin kwana bakwai na aiki, ta ga inda yaron zai kwana, ta yi magana da shi, ta tuntuɓi iyayensa. Bayan haka tana leƙowa aƙalla duk mako shida a shekarar farko, sannan duk mako goma sha biyu. Ita ce za ta taimaka wajen samo makaranta da rajistar likita, ta kuma sa iyaye su rubuta miki izinin kai yaro asibiti. A irin wannan riƙon babu alawus, ciyarwa da tufatarwa suna wuyan iyaye. Amma idan yaron ya shiga matsi, sashe na 17 na dokar 1989 ya ba kansul ikon taimakawa, kuma wannan taimakon ba ya cikin kuɗin gwamnati da aka haramta wa masu bizar karatu ko ta aiki. Wanda ke riƙon jika ko ɗan ɗan'uwa kuma ya nemi ƙungiyoyin Kinship da Family Rights Group, suna ba da shawara kyauta ta waya, har a kan neman kotu ta ba mutum riƙo na musamman.

Riƙo na biyu shi ne na hukuma, inda kansul ke karɓar yaro daga gidansu ta danƙa shi ga wanda aka tantance. A ƙarshen Maris na 2024 yara sama da 83,000 ne ke hannun hukuma a Ingila, kusan kashi biyu cikin uku suna gidajen masu riƙo. A cikinsu akwai fiye da 7,000 da suka shigo neman mafaka su kaɗai, ba uwa ba uba, kuma 'yan Sudan suna cikin waɗanda suka fi yawa. Doka ta umarci kansul ta yi la'akari da addinin yaro da asalinsa da harshensa kafin ta kai shi gida, amma ba za ta iya kai shi gidan da babu ba. Yaron da ya ratsa Sahara da teku yana ɗan shekara goma sha biyar, ya iso gidan da ake kiran sallar asuba, ana dafa miyar kuka, ana jin ɗan Larabci, ba ƙaramin sauƙi ya samu ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata waɗanda suka zauna da gindinsu a cikinmu su shiga wannan aikin.

Sai dai ba na wanda ya sauka jiya ba ne. Ana duba izinin zaman mutum, kuma galibi na dindindin ake nema. Yawancin hukumomi suna son mai shekara 21 zuwa sama, da ɗakin da babu kowa a cikinsa. Ba a buƙatar mallakar gida, ba a buƙatar aure. Ana iya shiga ta kansul kai tsaye ko ta kamfanonin riƙo masu zaman kansu, duka Ofsted, hukumar da ke sa ido a kan makarantu da kula da yara, ce ke duba su. Tantancewa tana cin watanni: binciken 'yan sanda, gwajin likita, shaidu, horo, da ziyarce-ziyarcen da za a tambaye ku yadda aka yi muku tarbiyya, yadda zamanku na aure yake, har da bashin da ake binku. Bahaushe bai saba da irin wannan tonon ba. Ku daure ku amsa gaskiya, don da wannan bayanin ake zaɓar yaron da gidanku zai iya ɗauka.

Da an amince da ku, za a ba ku ma'aikaciya taku ta kanku, daban da ta yaron. Ku riƙe wannan bambancin da kyau. Ta yaro yaron take dubawa. Taku kuwa ku take dubawa: gajiyarku, horon da kuke buƙata, halin da 'ya'yan cikinku ke ciki tun da baƙo ya shigo. A nan ne al'adarmu ke cutar da mu. An tambaye ki ya gida, kin ce lafiya lau, alhali yaron kwana uku bai runtsa ba, yana fitsarin kwance, ya fasa ƙofar ɗaki. Ita kuma za ta rubuta lafiya lau ɗin nan a takarda, ta tafi. Ranar da abu ya ɓaci, takardar ce za ta yi magana, kuma za ta ce ba ki taɓa neman agaji ba. Yaran nan da yawansu sun ga abin da babba ma ba zai iya ɗauka ba, halinsu na fitowa ne daga can. Faɗar matsala da wuri shi ke buɗe ƙofar likitocin ƙwaƙwalwa na yara, da ƙarin horo, da wanda zai zo ya zauna da yaron. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana da kwanan wata, ko layi uku ne. Dama ana buƙatarsa, kuma kariya ce gare ki.

Kowace hukumar riƙo tana da lambar da ake kira cikin dare da ranakun hutu. Ku adana ta a waya tun ranar farko. Akwai kuma hutun mai riƙo, inda wani gida da aka tantance zai karɓi yaron na 'yan kwanaki ku huta ko ku je biki. Wasu kansul suna da tsarin Mockingbird, wanda ƙungiyar The Fostering Network ta kawo daga Amurka: gidaje shida zuwa goma a kewaye da gidan wani gogaggen mai riƙo, yara su saba da zuwa can kwana, manya su riƙa haɗuwa. Wanda ya tashi a gidan gandu zai gane shi nan da nan. Ku tambaya ko akwai shi a garinku.

Maganar kuɗi kuma kada a ji nauyinta. Gwamnati tana tsayar da mafi ƙarancin alawus na mako, gwargwadon shekarun yaro da yankin da ake. A shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025 ya kama daga fam 165 zuwa fam 289, ana kuma sabunta shi duk Afrilu. Wannan na yaron ne, abincinsa da suturarsa da kuɗin kashewarsa. Hukumomi da yawa suna ƙara ladan mai riƙo a kai, wasu kuma suna ba da kuɗin ranar haihuwa da na bikin addini, don haka ku tambayi na Sallah. Dole ku yi rajista da hukumar haraji ta HMRC a matsayin masu aikin kansu, ku cike fom duk shekara, amma akwai rangwame mai tsoka: a waccan shekarar fam 19,360 na farko ga kowane gida babu haraji, ga ƙarin fam 405 a mako kan yaron da bai kai 11 ba, da fam 485 kan wanda ya kai. Da yawa ba sa biyan ko sisi. Wanda bai yi rajistar ba ne ke shiga uku.

A makaranta, kowace kansul tana da jami'in da ke bibiyar karatun yaran da ke hannun hukuma, kowane yaro da tsarin karatunsa a rubuce, da kuɗi na musamman da za a iya nema don malamin gida ko koyon Turanci. Likita zai duba yaron a farko, sannan duk wata shida ga 'yan ƙasa da shekara biyar, duk shekara ga manya.

Akwai iyakokin da dole ku sani kafin yaro ya taka ƙofarku. Mai riƙo yana sa hannu cewa ba zai taɓa dukan yaro ba, ko ɗan mari, ko sa kamun kunne, ko hana abinci. Sannan ikon iyaye bai dawo hannunku ba. Za a rubuta abin da za ku iya yanke shawara a kansa ku kaɗai, kamar tafiyar makaranta ko kwana gidan aboki. Huda kunne, kaciya, sauya makaranta, tafiya da yaro Najeriya ko Nijar hutu, duk sai da izini. Idan takardar ba ta ambaci abu ba, a tambaya kafin a yi.

Abin da ya fi girgiza masu riƙo shi ne zargi. Yaro, ko iyayensa, ko maƙwabci na iya cewa an yi kaza, kuma dole hukuma ta bincika, wani lokaci ta ɗauke yaron kafin a gama. A irin wannan lokacin ma'aikaciyarku ba za ta iya faɗa muku komai da komai ba, mutum sai ya ji kamar an juya masa baya. Ƙa'idojin riƙo sun ce a ba ku mai tallafa muku daga waje. Ku tabbatar tun yanzu hukumarku ta biya muku zama mamba a The Fostering Network ko FosterTalk, don a ciki akwai shawarar lauya. Akwai kuma Fosterline, layin waya na kyauta da Ma'aikatar Ilimi ke ɗaukar nauyinsa, ana magana da su a asirce. Idan aka yi niyyar soke amincewar da aka yi muku, kuna da kwana 28 ku rubuta ƙorafi ko ku nemi wani kwamiti mai zaman kansa ya sake duba lamarin.

Wasu na ja da baya saboda addini. Riƙon hukuma ba ya canja sunan yaro, ba ya yanke nasabarsa, galibi ma ana kai shi ganin iyayensa, don haka malamai da yawa suna ganinsa dab da kafala. Maganar muharrami da hijabi idan yaro ya balaga gaskiya ce, ku kai ta wurin malami, ku kuma faɗa wa mai tantancewa shekaru da jinsin da gidanku zai iya karɓa, ba za ta ga laifinku ba. Ƙungiyar Muslim Foster Network tana haɗa masu riƙo Musulmi su yi shawara. Idan kuwa aka kawo muku yaron da ba addininku ɗaya ba, amanarsa ta haɗa da addininsa, ku kai shi cocinsa yadda za ku so a kai naku masallaci.

Riƙon hukuma yana ƙarewa ranar da yaro ya cika 18, amma tun 2014 doka ta ba da damar ya ci gaba da zama a gidanku har ya kai 21 idan ku da shi kun yarda, kuma kansul za ta ci gaba da tallafawa da kuɗi. Adadin ya bambanta daga kansul zuwa kansul, sau da yawa bai kai na da ba, don haka ku fara wannan maganar da ma'aikaciyarku tun yana shekara 16, kuma ku nemi a ba ku amsar a rubuce.