Yadda ake tsayar da layin talauci da ƙa'idar tallafa wa iyalai

Layin talauci shi ne adadin kuɗin da duk wanda bai kai shi ba ake ƙirga shi talaka. Kafin a taɓa lissafinsa, a fara yanke abin da za a auna: kuɗin da ke shigo wa gida, ko abin da gidan yake ci da kashewa. Inda galibin mutane ke karɓar albashi, kuɗin shiga ya wadatar. Amma manomi da ɗan tireda da mai aikin ƙarfi ba su da adadi guda a wata, yau a samu gobe a rasa, kuma mutum ya fi sakin jiki ya faɗi abin da ya saya a kan ya faɗi abin da ya samu. A irin wannan yanayi a auna abin da aka kashe. A haɗa da abin da gida ya noma ya ci, da kyautar da aka ba shi, a yi musu kuɗi da farashin kasuwar yankin. Wanda ke zaune a gidan kansa, a ƙiyasta masa hayar da zai biya da gidan ba nasa ba ne. In ba haka ba, ɗan haya zai fito kamar ya fi shi wadata.

Tsawon lokacin da ake tambaya a kai yana canza sakamako ƙwarai. Abinci a tambayi na kwana 7 da suka wuce, sabulu da makamashi da kuɗin mota na kwana 30, sutura da kuɗin makaranta na wata 12. Idan aka ce mutum ya tuna abincin wata guda, zai manta da yawa, sai gidan ya zama kamar ya fi yadda yake talauci. A kuma baza binciken cikin shekara ɗungurungum, domin gidan da aka ziyarta da kaka ba haka za a same shi ba lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tsarin tambayoyin da aka fara da shi, shi za a riƙe a zagaye na gaba. Da zarar an sauya shi, ba dama a kwatanta shekarun biyu.

Sai ginin layin kansa. Ana farawa da abinci, kuma adadin da aka fi amfani da shi shi ne kalori 2,100 ga kowane mutum a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Ba abincin masu hali za a duba ba, ba kuma wanda likita ya tsara a takarda ba. A ɗauki gidajen da ake zaton suna dab da layin, a ga abin da suke ci da gaske. A ce suna kashe 70 a kan kowane mutum a rana, suna samun kalori 1,750. Raba 70 da 1,750, ka ninka da 2,100, za ka sami 84. Wannan shi ne layin abinci. Daga nan a duba gidajen da kuɗin abincinsu ya kai kusan 84 ɗin, a ga kashi nawa abinci ke ci cikin dukan abin da suke kashewa. Idan kashi 60 cikin 100 ne, raba 84 da 0.6, layin talauci ya zama 140.

Kada a ari wannan kaso daga wata ƙasa ko wani zamani. Mollie Orshansky, wadda ta gina layin Amurka a farkon shekarun 1960, ta ninka kuɗin abinci sau uku ne saboda binciken 1955 ya nuna iyali na kashe sulusin kuɗinsa a abinci. Yau haya da magani sun danne abinci a can, amma layin hukuma bai sauya gini ba, farashi kawai ake daidaita masa. Layin Bankin Duniya kuwa, wanda ya tashi daga dala 2.15 zuwa dala 3 a rana a 2025, an yi shi ne don kwatanta ƙasashe, bai dace a raba tallafi da shi ba. Tarayyar Turai tata hanyar daban ce: a jera jama'a daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a ɗauki na tsakiya, duk wanda bai kai kashi 60 cikin 100 na samunsa ba yana cikin haɗarin talauci.

Girman gida nan ne ake yawan tafka kuskure. Ma'aunin OECD (ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki), wanda ake raba kuɗin gida da shi maimakon yawan kawuna, yana ba babba na farko 1, duk wani mai shekara 14 zuwa sama 0.5, yaro ƙasa da 14 kuma 0.3. Miji da mata da yara ƙanana huɗu sun zama 2.7 ke nan, ba 6 ba. Dalilin shi ne ɗaki da fitila da tukunya ana tarayya a kansu. Sai dai inda abinci ya cinye fiye da rabin kuɗin gida, wannan ragin ya yi yawa, tunda loma ba a tarayya a kanta, kuma gidaje masu yara da yawa ne za su zurare daga lissafi. Abu mafi muhimmanci: kalori 2,100 matsakaici ne na yara da manya gaba ɗaya. Idan da shi aka gina layin, to a raba kuɗin gida da yawan kawuna. Wanda ya gina layi a kan kai ɗaya ɗaya, sannan ya raba da 2.7, ya ɓoye talakawa masu ɗimbin yawa da alƙalaminsa.

Farashin birni da na ƙauye ba ɗaya ba ne, don haka kowane yanki a daidaita masa layinsa. Kowace shekara a ɗaga shi gwargwadon tsadar kayan da talaka ke saya, musamman abinci.

Wajen bayar da rahoto, yawan waɗanda ke ƙasa da layi kaɗai bai isa ba. Mai 130 da mai 70 duk talakawa ne a layin 140, amma na farko 10 ya rage masa, na biyu rabin layin ne cur. A riƙa fitar da wannan giɓin tare da yawan. In ba a yi ba, hukuma za ta fi son tura na kusa da layi su tsallake, a bar na can ƙasa.

Ƙa'idar samun tallafi kuma kada a ɗora ta daidai a kan layin, a yanke kamar da wuƙa. Idan tallafin 40 ne, mai samun 139 zai tashi da 179, mai 141 ya tashi da 141 ɗinsa. Ƙarin aiki ya zama asara ke nan, kuma mutane za su fara ɓoye samunsu. Gara a janye tallafin sannu a hankali: duk 2 da gida ya ƙara sama da layi, a rage masa 1, har tallafin ya ƙare a 220. A kuma ɗaga ƙofar shiga sama da layin kaɗan, kamar yadda shirin tallafin abinci na Amurka ke karɓar gidaje har zuwa kashi 130 cikin 100 na layinsu. A sake duba rajista aƙalla duk shekara biyu, a bar ƙofar ƙorafi a buɗe kullum, domin rashin lafiya ko mutuwar mai ciyar da gida na iya jefa iyali ƙasa da layi cikin wata guda.