Transfon garmaho: kurakuran da ke sa a ɗora masa laifin da ba nasa ba

Duk wanda ya gaji fayafayan garmaho a gida ya san ɓacin ran da ake ji in an ɗora allura, maimakon kiɗa sai ƙugi ya cika ɗaki. Nan da nan sai a nuna ɗan akwatin da ke tsakanin garmaho da ampli, wato transfo mai ƙara ƙarfin murya. A shekarun da na yi ina gyaran irin waɗannan kaya a Yamai, da wuya in tarar shi ne mai laifin. Ba ya cin wuta, ba abin da ke zafi a cikinsa. Siririyar waya ce aka naɗe sau biyu a kan ƙarfe. Kan allura irin MC (wanda naɗin waya ke motsi a cikinsa), kamar Denon DL-103, milibolt 0.3 kawai yake fitarwa, alhali ƙofar MM ta ampli (mashigar kan allura mai maganaɗisu da ke motsi) tana jiran 3 zuwa 5. Transfo mai 1:10 shi ke ninka muryar sau goma, aikinsa ke nan.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne awo da mita. Mai gyara ya saba, duk abin da aka kawo masa sai ya ɗora wa tsinkayen mita ya ga ko waya ta tsinke. To, mita tana tura wutar batir ɗinta cikin naɗin, wutar nan kuwa tana iya barin maganaɗisu a ƙarfen ciki, murya ta dushe. An taɓa kawo mini wani da aka yi wa haka sau da yawa, mai shi yana cewa, "Malam, da ɗan ƙugi kawai yake yi, yanzu ko ganga ba ta fita sosai." Kan allurar ma kada ka auna shi da mita, wayarsa ta fi gashi siranta.

Wasu kuma sunan ke ruɗa su. Transfon da ake sayowa a Katako don sauya wutar bango daban yake da wannan. Garmahon da ya fito daga Japan na bolt 100 ne, na Amurka 120, wutarmu kuwa 220, don haka wancan na rage wuta suke buƙata. Na murya ko kusa da wutar bango bai kamata ya je ba.

Duba ƙofar da ka sa shi. Wurinsa MM ne. In ka kai shi ƙofar MC an ƙara ƙarfi sau biyu, murya ta dinga fashewa. In AUX ne, za ta fito siririya, ba nauyi, domin gyaran RIAA, wanda ke daidaita manya da siraran sautukan faifai, a sashen fono (ƙofofin MM da MC) kaɗai yake.

Ƙugi kuwa, nan ya kamata a yi haƙuri. Abin da ya sa transfon ke ɗaukar ƴar ƙaramar muryar allura, shi ne ke sa ya ɗauki maganaɗisun duk wani babban transfo da ke kusa. A gidajenmu ga ampli, ga regilatar wuta, ga cajar waya, duk a kan tebur guda, wani har a kan murfin ampli yake ɗora akwatin don ya yi kyau. Ka rage murya, ka ɗaga akwatin a hannu, ka juya shi sannu a hankali kamar mai neman tasha a rediyo. Za ka ji ƙugin yana hawa yana sauka, har ka kai inda ya yi lif. Nan ne mazauninsa, ko da a karkace ne. In juyawa ba ta canza komai ba, koma kan wayar masa, wato wayar ƙasa: daga garmaho zuwa ƙusar GND ta transfo, daga nan zuwa ta ampli. Wani lokaci cire ɗaya daga cikinsu ke kashe ƙugin, sai an gwada. Wayar da ke fita daga transfo zuwa ampli kuma ta zama gajera, rabin mita ya isa; doguwa tana kwaso ƙugi, tana cinye siraran sautuka.

In ɓangare ɗaya ne ya mutu, kada ka yi saurin kwance akwati. Kashe ampli, musanya wayar hagu da ta dama a mashigar transfo. Mutuwar ta koma ɗaya gefen? Matsalar na garmaho. Ba ta motsa ba? Musanya su a bakin ampli: in ta koma, transfo ne ko wayarsa, in ta tsaya, ampli ne. Sau da yawa ƙurar hunturu da tsatsar damina ce a bakin fulogi, ka ga ya yi kore-kore. Ɗan auduga da alkol na farmasi sun wadatar.

Saura lissafin ninki, wanda mutane ke rainawa suna ganin mai yawa ya fi. Ƙofar MM tana da om 47,000 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta), transfo kuwa yana raba wannan da ninkinsa har sau biyu. Da 1:10 allura tana ganin 470, da 1:30 kuwa kusan 52. Ga DL-103 mai om 40 a cikinsa, wannan shaƙewa ce, murya za ta yi duhu. In akwatinka na da maɓallin om 3 da 40, sa shi a 40.