Dunƙulen gyaɗa da cakulan: yadda ake yin sa ba tare da firij ba

Yawancin masu koyar da wannan kayan zaƙi sukan ce a narka cakulan, a tsoma dunƙulen a ciki, a kai firij ya daskare. A ƙauyukan Kano da Jigawa wannan hanya ba ta fisshe mu. Cakulan yana fara narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, ga wuta ba kullum ba, a watan Afrilu kuwa kafin ki ɗauke kai ya zama kunu. Dabarar da ta dace da mu ita ce a yi shi a bushe, kada ɗigon ruwa ya shiga tun daga farko har ƙarshe, sannan a bar garin ƙuli-ƙuli ya riƙe jikinsa.

Ma'aunin da za mu bi shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa. Ki tanadi markaɗaɗɗiyar gyaɗa gwangwani 2, garin ƙuli-ƙuli gwangwani 1, garin dabino gwangwani 1, madarar gari rabin gwangwani, garin koko na cakulan cokali 4 manya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, da soyayyen riɗi na birgima. Wannan zai ba ki dunƙule kamar 25 masu girman goro.

Aikin gaske a wurin gyaɗar yake. Ki baza ta a faifai ki tsince duk wadda ta yamushe, ta yi baƙi, ko ta yi funfuna. Kada ki yi tausayin ko ƙwaya ɗaya, domin funfunar gyaɗa tana haifar da guba mai suna afalatoksin wadda ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta kwana a danshi lokacin damina ta fi shiga wannan haɗari. Ki soya a kasko da yashi mai tsabta, wuta matsakaiciya, kina juyawa ba tsayawa, minti 15 zuwa 20. Alamar ta yi ita ce ɓawon ya saki da kin murza, cikin ya yi ruwan zuma-zuma. Idan ta ƙone za ta yi ɗaci, koko kuma da ma da nasa ɗacin, su haɗu su fi ƙarfin dabino. Idan ba ta soyu ba, ƙarnin ɗanyar gyaɗa zai biyo ki har ƙarshe.

Ki murje, ki sheƙe ɓawon, ki kai markaɗe tun da sauran ɗuminta, don a lokacin ne take saurin sakin mai ta yi laushi. Ki tsaya a kan mai injin ya goge shi tas ya bushe. Injin da aka gama markaɗa attaruhu da albasa zai ɓata miki komai, kuma ki hana shi zuba ruwa ko da ya ce injin ya cije. A turmi ma ana yi, sai dai a daure da daka har ta koma kamar man shanu.

Ƙuli-ƙulin ki nemi wanda ba a sa wa yaji ko citta ba, ki daka ki tankaɗe. Shi ne ke ɗaga darajar abin. Gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, wato sinadarin gina jiki, kusan rabi kuma mai. Da an matse man, abin da ya rage furotin ɗinsa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba ki da buƙatar garin furotin na gwangwani mai tsada. Da wannan haɗi kowane dunƙule zai ba da furotin kamar giram 5, ƙwai ɗaya kuwa kamar giram 6 yake bayarwa. Mai son ƙari tana iya maye gurbin madarar da garin waken soya, amma sai an soya waken sosai, don ɗanyensa yana kumbura ciki.

Dabino busasshe ya fi, irin wanda ba a rasa shi a kasuwannin Dutse da kewaye. Ki cire ƙwallon, ki duba ciki saboda tsutsa, ki shanya kwana biyu a rana, ki daka ki tankaɗe. Koko kuma ki tambayi masu sayar da kayan kek garin da ba a haɗa da komai ba. Milo da Bournvita sun riga sun zo da sukarinsu, idan su kika samu sai ki ninka yawan cokalin ki rage dabino da rabi, kodayake launin ba zai yi duhu sosai ba.

Ki fara haɗa garin duka a busasshen kwano har launinsu ya zama ɗaya, sannan ki zuba gyaɗar kaɗan-kaɗan kina murzawa da hannu. Ki dunƙula ɗaya ki ajiye minti biyar ki gani. Idan ya baje ko ya fara zufar mai, ƙara garin ƙuli cokali ɗaya-ɗaya. Idan yana wargajewa, ƙara cokalin gyaɗa ko na zuma. Kada ki yi ta cuɗa shi kamar ƙullin burodi, yawan murza da ɗumin hannu su ke fito da mai. Ki mulmula, ki birgima a riɗi, ki jera a tire a inuwa na awa ɗaya.

Zaƙin dabino ma zaƙi ne, mai ciwon sukari ya yi hattara, sauran mutane ma biyu ko uku sun isa a zama ɗaya saboda nauyin man. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ba wanda aka sa wa zuma, ƙananan yara kuma a marmasa musu kada ya shaƙe su. Wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin fuska ya nisance shi gaba ɗaya.

A roba mai murfi, a ɗaki mai sanyi, zai kai mako guda lafiya. Da zafin bazara ki sa robar cikin tukunyar ƙasa da aka zaunar a cikin wata babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, irin wadda wani malami mai suna Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Ki rufe murfin robar da kyau kada danshi ya shiga. Da damina tukunyar ba ta sanyi sosai, don haka ki yi rabin awo, wanda za a cinye cikin kwana uku.