Yadda Ake Tsara Darasin Tarihi Ta Intanet Ga 'Yan Ƙaramar Sakandare

A cikin aji, rabin aikin malami idonsa ne yake yi. Yaro ya fara hamma, ko ya ƙura wa taga ido, nan take malam ya gani ya jefa masa tambaya. A intanet babu wannan ido. Yaro ɗan shekara 11 zuwa 14 yana zaune shi kaɗai da waya, wasanni da bidiyon barkwanci suna nan kusa da yatsansa, kuma ba wanda zai san lokacin da hankalinsa ya tafi. Saboda haka duk abin da ido yake yi a aji, tsarin darasin ne zai ɗauke shi tun kafin yaro na farko ya shiga. Ga yadda ake bi, da misali guda da za mu riƙe har ƙarshe: tafiyar Mansa Musa, sarkin Mali, zuwa aikin hajji a 1324.

Mataki na farko: ku fara da tambaya, ku yanke aikin ƙarshe

Yawancin malamai da littafi suke farawa, su yanka babi gida-gida su ɗora a intanet. Grant Wiggins da Jay McTighe, masana ilimi a Amurka, sun yaɗa wata hanyar a 1998: a fara da abin da ake so yaro ya iya a ƙarshe, sannan a yanke yadda za a gane ya iya, sai daga baya a shirya darussa. A tarihi wannan hanya ta fi kowace dacewa, domin tana tilasta wa malami ya zaɓi tambaya.

"Ɗalibai su san tarihin daular Mali" ba manufa ba ce, don ba ta da bakin iyaka. Ku gwada wannan: "Da gaske ne Mansa Musa ya karya darajar zinariya a Masar, kuma ta yaya muka sani?" Tambaya ce da yaro zai iya yin gardama a kanta, kuma ba zai iya amsa ta ba sai ya taɓa hujja. Daga nan ku rubuta aikin ƙarshe tun yau: sakin layi ɗaya, ko saƙon murya na minti biyu, inda yaro zai faɗi matsayinsa ya kawo shaida biyu, ya kuma ce wacce ya fi yarda da ita da dalili. Duk abin da bai taimaka wa wannan aiki ba, ku ajiye shi, ko da kuwa labari ne mai daɗi. Nan ne wurin da ke da ciwo, don mai son tarihi ba ya son barin komai.

Mataki na biyu: ku san abin da ke hannun yaran

Tambayoyi huɗu sun isa: da wace na'ura yake shiga, tasa ce ko ta aro, wane lokaci yake samunta, kuma intanet ɗinsa yana ɗaukar bidiyo? Ku tsara komai don mafi ƙanƙantar fuskar waya, kowane bidiyo kuma ya kasance da rubutaccen bayaninsa da za a iya saukewa a karanta ba tare da intanet ba. Ku tuna kuma yawancin shafukan sada zumunta ba sa karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, don haka dandalin makaranta irin Moodle ko Google Classroom ya fi, da sanin iyaye.

Mataki na uku: ku zaɓi hujjoji, ku gyara su daidai bakin yaro

Nan ne zuciyar aikin. A 1991 Sam Wineburg, masanin koyar da tarihi a Amurka, ya wallafa wani bincike inda ya ba masana tarihi takwas da ɗaliban sakandare takwas masu ƙoƙari takardu iri ɗaya a kan faɗan Lexington na 1775, wanda ya buɗe yaƙin neman 'yancin Amurka. Masanan kusan kullum sai su fara duba wanda ya rubuta takardar da lokacin da ya rubuta, kafin su karanta abin da ta ƙunsa. Ɗaliban kuwa daga sama suke farawa su gangara, sunan marubuci ya zo musu a ƙarshe, in ma sun kula da shi. Wannan ɗabi'a ta masana ita ce abin da ya kamata darasinku ya dasa, kuma a intanet da tsarin shafi ake dasa ta.

Ga misalinmu, hujjoji uku sun wadatar. Ta farko, al-Umari, marubucin daular Mamluk mai mulkin Masar a lokacin, wanda ya ce kafin zuwan Mansa Musa miskalin zinariya a Alƙahira ba ya yin ƙasa da dirhami 25, bayan zuwansa kuwa bai wuce 22 ba. Sai dai al-Umari bai ga ayarin da idonsa ba, kimanin shekara 12 bayan haka ya tattara labarin daga bakin waɗanda suka gani, kuma bai taɓa taka Mali ba. Ta biyu, Ibn Battuta, matafiyi ɗan Maroko, wanda ya isa Mali a 1352, zamanin Mansa Sulaiman, ɗan'uwan Musa. Shi ya je ƙasar da ƙafarsa, amma bai riski Musa ba, kuma ya fito fili ya kira Sulaiman marowaci, ya yabi kyautar Musa. Yara za su so ku tambaye su ko haushin sarki mai ci ba zai sa baƙo ya ƙara wa wanda ya shuɗe gishiri ba. Ta uku hoto ne: taswirar Katalan da aka zana a tsibirin Mayorka wajen 1375, wadda yanzu take babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. An zana sarkin zaune a karaga, da kambi irin na sarakunan Turai, yana riƙe da zinariya, wani a kan raƙumi yana nufo shi. Mai zanen bai taɓa ganinsa ba.

Kowace hujja ta samu shafinta. A can sama, cikin akwati mai launi, ku sa abu uku: wane ne ya rubuta, yaushe, a ina. Kafin rubutun ya buɗe, yaro ya amsa tambaya ɗaya: "Wannan mutumin gani ya yi, ko ji?" Sai ya taɓa amsa sannan nassin ya bayyana, kuma kada ya wuce kalma 150 zuwa 200. Ku sauƙaƙa harshen, ku fassara kalmomi masu wuya a gefe, irin su miskali da dirhami, ku kuma rubuta a fili cewa an taƙaita an sauƙaƙa. Wasu malamai suna ganin taɓa nassi cin amana ne. Ni ban ga haka ba. Yaron da aka ba shafi uku na fassarar ƙarni na 14 ba zai karanta ko layi biyar ba, alhali wanda aka ba sakin layi biyu da gaskiyar cewa an gyara zai karanta har ya yi tambaya.

Mataki na huɗu: bidiyo gajere, taswira da layin shekaru

A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo har sau miliyan 6.9 a edX, wani dandalin kwasa-kwasan intanet, suka ga yawanci mutane ba sa wuce minti shida suna kallo, komai tsawon bidiyon. Manya ne waɗannan, kuma da kansu suka yi rajista. To ina ga ɗan shekara 12? Ku tsaya tsakanin minti uku zuwa biyar, bidiyo ɗaya magana ɗaya, tambaya ta biyo baya nan take.

Binciken Richard Mayer a kan koyo da hoto da murya ya ba da ƙa'idoji biyu masu amfani a nan. Kada ku cika fuska da rubutu sannan ku karanta shi da baki, don ido da kunne za su riƙa karo. Kuma ku cire kiɗa da ƙawa marasa aiki. Abin da ya fi shi ne taswira, da kibiya tana tafiya daga Mali ta ratsa Sahara zuwa Alƙahira da Makka, muryarku tana bayani.

Yara a wannan shekaru suna rikicewa da nisan zamani, duk abin da ya wuce kakanninsu "da can" ne. Ku ba su layin shekaru su jera da hannunsu: hajjin 1324, babbar annobar da ta isa Turai a 1347, zuwan Ibn Battuta a 1352, taswirar 1375, injin ɗab'in Gutenberg wajen 1450. Idan yaro ya ga da kansa cewa taswirar ta zo shekara 51 bayan hajjin, ba sai an ce masa ya yi hattara da ita ba.

Mataki na biyar: mako ya zama da fuska ɗaya

Kowane mako ya fito da tsari iri ɗaya: kallo, karatun hujja, gajeren gwaji, haɗuwa kai tsaye, rubutu. Sunayen maɓallai da wurarensu kada su canja. Ƙarfin yaro ya tafi kan al-Umari, ba kan neman inda aka ɓoye aikin gida ba.

Lokacin haɗuwa kai tsaye tsada gare shi, kada a ɓata shi da lacca. Minti 30 zuwa 40 ya isa. Ku raba yara uku-uku, kowa ya riƙe hujja ɗaya ya kare ta, sannan su dawo su faɗi wacce ta fi rauni. Wanda kunya ta hana shi magana ya rubuta a wurin saƙo, ku karanta da sunansa. In za ku buɗe wurin tattaunawa a rubuce, "me kuka gani?" ba ta haifar da komai sai "na yarda da abin da ta ce". Ku ce: "Kawo jimla ɗaya daga hujja ta biyu da ta sa ka shakka, ka faɗi dalili."

Mataki na shida: gwaji don tunawa, da aikin da ba a kwafa

Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗalibin da ya yi ƙoƙarin tuno abin da ya karanta ya fi wanda ya maimaita karatun riƙewa bayan mako guda. Don haka tambaya biyar a farkon kowane darasi, uku daga na jiya, biyu daga makonnin baya, ba tare da maki mai tsoratarwa ba. Google Forms da Moodle duk suna ba da damar rubuta bayani a ƙarƙashin amsar kuskure. Ku yi amfani da ita. "Ba daidai ba" kawai ba ta koyar da kowa, "Duba shekarar da Ibn Battuta ya isa, Musa yana raye?" tana mayar da yaro ga hujja.

Tambayar da amsarta shekara ce ko suna, cikin daƙiƙa biyar za a samo ta a intanet ko a wurin manhajar ƙirƙirarriyar basira. Ku juya abin ya zama darasi. Akwai maganar da ke yawo cewa dukiyar Mansa Musa ta kai dala biliyan 400. Ku ba yara ita, ku ce su nemo ko ɗaya daga cikin hujjojin ukun ta faɗi haka, sannan su buɗe wani shafi daban su binciki wanda ya fara fitar da adadin da yadda ya lissafa. Za su tarar babu marubucin ƙarni na 14 da ya ƙidaya dukiyar da dala. Wajen ba da maki kuma, ku nuna musu ma'aunin tun farko: matsayi bayyananne, shaida biyu, da maganar wanda ya kawo shaidar.

Mataki na bakwai: ku gwada kafin ku saki

Ku samu yara uku ko huɗu masu wannan shekaru, ku ba su darasin mako na farko a waya, ku zauna ku yi shiru kuna kallo. Kada ku nuna musu inda za su taɓa. Duk inda yaro ya tsaya yana lalube, ku rubuta, laifin shafin ne. Bayan an fara karatu, ku duba, in dandalin yana nunawa, minti nawa ake kallon kowane bidiyo da tambayar da aka fi yin kuskure a kanta. In rabin aji sun ce al-Umari ya ga ayarin da idonsa, akwatin da ke saman shafin ne bai fito sosai ba, sai ku ƙara masa girma ku sake tambayar a gwajin mako mai zuwa. Yaron da ya yi kwana uku bai shiga ba kuwa, ku aika masa da gajeren saƙo da sunansa, ku faɗa masa abu ɗaya tak da zai yi ya kamo 'yan'uwansa.