Yadda ake mayar da scFv zuwa cikakken IgG

Wanda ya tsamo antibodi (furotin garkuwar jiki) daga rumbun faj (tarin bairos masu kama bakteriya, kowanne ɗauke da guntun antibodi) yakan same shi a siffar scFv: yankin VH (kan sarƙa mai nauyi ta antibodi) da na VL (kan sarƙa mara nauyi) an ɗaure su da igiyar amino asid 15, wato Gly4Ser sau uku. Nauyinsa bai wuce kilodalton 30 ba, ba shi da Fc (jelar antibodi), kuma ba ya jimawa a jini. Don a mayar da shi IgG, wato cikakken antibodi mai kilodalton 150, sai a raba yankunan biyu, kowanne a dasa shi a bektarsa, wato filasmid (zoben DNA) mai ɗauke da sauran sarƙar.

Kafin ka yi odar firama (gajerun DNA da ake fara PCR da su), ka zauna ka karanta jerin DNA ɗin harafi-harafi. A nan ake yin asarar makonni. Ka nemi TAG, alamar tsayawa, a tsakiyar jeri. Bakteriyar TG1 da ake renon faj a cikinta tana iya karanta shi a matsayin gulutamin ta wuce, amma ƙwayar HEK293, ta ɗan Adam wadda za ta ƙera IgG ɗin, da ta iso wurin za ta tsaya cak, a tashi da guntun furotin. Ka mayar da shi CAG, alamar gulutamin. Sannan ka tabbatar ko VL ɗin nau'in kafa ne ko nau'in lamda, domin bektar sarƙa mara nauyi dole ta dace da shi. Jagoran pelB kuwa, guntun da ke jan furotin zuwa waje, na bakteriya ne, a bar shi a baya. Bektar tana ɗauke da nata jagoran.

Ka ninka VH da VL daban-daban ta PCR da enzayim mai ƙarancin kuskure, irin Q5 ko Phusion. A kan jel, kowanne zai fito tsakanin tushe 320 zuwa 400. Ka zuba enzayim DpnI ya cinye tsohon filasmid.

Wajen haɗawa akwai hanya biyu. Ta yanka ita ce tsohuwa: a wasu sanannun bektoci, enzayim masu yanka su ne AgeI da SalI ga sarƙa mai nauyi, AgeI da BsiWI ga kafa, AgeI da XhoI ga lamda. Aibinta shi ne mayankar na iya ɓuya cikin CDR3 (wani sashe na wurin kamu), enzayim ya datse maka jerin DNA ɗin gida biyu. Mun fi son hanyar Gibson: firama mai jelar tushe 20 zuwa 30 da ta yi daidai da bakin bekta, digiri 50, minti 15 zuwa awa ɗaya. A zuba a bakteriyar DH5α, a ɗauki koloni uku ko huɗu a karanta su. Ka sa ido a mahaɗa: VH yakan ƙare da amino asid VTVSS, CH1 (yankin da ke bin VH) na IgG1 ya fara da ASTKG. Tushe ɗaya ya yi ƙari, karatun duka ya goce.

A sa filasmid biyun tare cikin ƙwayoyin HEK293 ko CHO, ɗaya bisa ɗaya, ko a ninka na sarƙa mara nauyi. Dalili kuwa, wani furotin mai suna BiP yana riƙe sarƙa mai nauyi a cikin ƙwaya har sai abokiyarta ta iso. Bayan kwana 5 zuwa 7 a kwashi ruwan, a bi da shi ta Protein A mai kama IgG, a saki antibodin da gilaisin mai pH 3, a gaggauta zuba Tris kada ya dunƙule. A jel mai DTT (mai raba sarƙoƙin) za ka ga layi biyu, kilodalton 50 da 25.

Ka sake gwada kamunsa. IgG hannu biyu gare shi, don haka a gwajin kamu na ELISA yakan yi kamar ya fi scFv ƙarfi. Wani kuma da zarar an cire igiyar sai kamun ya ragu.