Yadda ake yasar sokawe ko tsohuwar rijiya ba tare da dogaro da hanci ba

Sabon shiga yakan leƙa rami, ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya ɗan dakata, warin ya ɗauke, sai ya ce iska ta gyaru. Ɗaukewar nan ce ke kisa.

Iskar haidirojin salfaid ce, ruɓa ke fitar da ita, kuma ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka a gindin rami take kwanciya. A saman kogon hanci akwai masu karɓar wari kusan iri 400. Idan wari ya maƙale musu, ƙofofin jijiya su buɗe, sinadarin kalsiyam ya shiga, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Kalsiyam ɗin ne kuma ke komowa ya rufe ƙofofin, shi ya sa hanci ke sabawa da wari. Wannan iskar ta fi haka ɓarna: da ta kai kashi 100 cikin miliyan sai ta sumar da jijiyar ƙamshi gaba ɗaya. Daga 700 zuwa sama, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato.

Fara aikin da sanyin safiya, musamman a bazarar Sakkwato da zafi ke haura digiri 40. Buɗe murfi, ka tsaya ta ɓangaren da iskar waje ke kaɗowa. Zura na'urar gwajin iska da igiya har gindi. Idan ta yi ƙara a kashi 10 cikin miliyan, ba mai sauka. Tana da tsada, amma masu sana'a biyar za su iya haɗa kuɗi su saya. Kada ka zura fitila ko ashana, iskar na kama wuta.

Hura iska da fanka mai tiyo har ƙasa, janareta kuma a nesa, don hayaƙinsa ma guba ne.

Ga inda aka fi faɗawa: laka. Gwaji zai nuna lafiya, amma da shebur ya taɓa lakar sai iskar da ta ɓoye a ciki ta taso gaba ɗaya. Dama ta daga sama da doguwar gora, ka sake hurawa, ka sake gwadawa. Takunkumi ko rawani a hanci ba ya tare komai.

Mai sauka ya ɗaura igiya a ƙirji, mutum biyu na riƙe a sama. Idan ya faɗi a jawo shi, kada kowa ya bi shi ciki, a wuce da shi asibiti ko da ya farfaɗo.