Babi na Shida: Zana Hanyar Tafiyar Babur a Kwamfuta

A babin da ya gabata mun koyi riƙe linzamin kwamfuta, da bambanci tsakanin maɓallinsa na hagu da na dama. Wanda bai halarci wancan darasi ba ya koma ya karanta shi tukuna, domin aikin yau kusan dukkansa da linzami za a yi shi. Za mu zana hanyar babur daga Kano zuwa Daura, ta Dambatta da Kazaure, sannan mu tura ta cikin na'urar GPS, wato ƙaramin allon nan da ake ɗaurawa a gaban babur domin ya riƙa nuna wa mahayi inda zai bi. Na zaɓi wannan hanya ne saboda yawancinku kun san ta, idan kwamfuta ta yi kuskure za ku gane da idonku.

Darasi na ɗaya: kayan aiki

Kuna bukatar kwamfuta, da na'urar GPS ta kamfanin Garmin irin wadda ake kira zūmo, da wayar USB da za ta haɗa su. Kuna kuma bukatar manhajar BaseCamp, wadda kamfanin yake bayarwa kyauta, tana aiki a Windows da Mac. Idan kun buɗe ta za ku ga taswira ta cika yawancin allon. Saman taswira arewa ne, ƙasanta kudu, hannunku na dama gabas, na hagu yamma. Daura tana arewa da Kano, saboda haka sama za ku neme ta.

Taswirar da ke cikin kwamfuta dole ta zama ita ce ke cikin na'urar. Idan suka bambanta, kwamfuta za ta zana hanya ɗaya, na'ura kuma ta bi wata. A ajinmu muna amfani da taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a shekarar 2004, kuma 'yan sa-kai ne suke zana ta. Wannan ya sa wani lokaci za ku tarar da hanyar ƙauye ba ta ciki, ko kuma an nuna burji kamar kwalta. A saman allo akwai ɗan akwati da ake zaɓar irin abin hawa. Ku zaɓi wanda aka rubuta "Motorcycling", kalma ce doguwa da ta fara da harafin M, ma'anarta tafiya a babur. Idan damina ce, ku sa manhajar ta guji hanyoyin da ba su da kwalta, kuma ku yi wa na'urar irin wannan saiti.

Darasi na biyu: dasa alama a kan hanya

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan ne kusan kowane ɗalibi yake tuntuɓe, har da waɗanda suka iya karatu sosai. Kada wanda ya kuskure ya ji kunya.

Ku ɗauki hanyar da za ku zana kamar igiya. Idan aka ɗaure bakinta ɗaya a Kano, ɗaya a Daura, aka bar tsakiyar a sake, za ta karkata duk inda ta ga dama. Alamomin da za ku dasa su ne suke riƙe ta. Ku danna maɓallin da ake kira "New Route", ku kai linzami wurin da za ku tashi, ku danna hagu sau ɗaya. Amma kafin ku danna, ku kusanto da taswirar. A tsakiyar linzami akwai 'yar taya. Ku murza ta gaba, taswira za ta matso, tituna su ƙara faɗi. Ku ci gaba da murzawa har sai ma'aunin da ke gefen taswira ya nuna mita 100 ko ƙasa da haka. Sai a lokacin za ku danna.

Ga dalili. Idan taswira tana nesa, Kano gaba ɗaya ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma kan linzamin kaɗai ya isa ya rufe unguwanni da yawa. Za ku ga kamar kun dasa alama a kan titi, alhali ta faɗa cikin lungu ko bayan gidan wani. Na'ura ba ta san kuskure kuka yi ba. Za ta sauke ku daga babban titi, ta shigar da ku lungun, ta taɓa alamar, sannan ta fito da ku. Saboda haka ku murza taya tukuna, ku ga titi ya yi faɗi, sannan ku danna.

Yanzu ku bi Titin Katsina daga cikin gari. Wannan titi tagwaye ne, wato hannun tafiya daban, na dawowa daban. Daga nesa layi ɗaya za ku gani, sai kun kusanto zai rabu biyu. A Najeriya hannun dama ake bi, saboda haka alamarku ta hau layin da ke hannun daman mai fita daga gari. Wani ɗalibina ya taɓa dasa tasa a ɗaya hannun. Da ya hau babur na'ura ta kai shi gaba, ta ce ya juyo, ya dawo baya har ya wuce ta kan alamar, sannan ta sake cewa ya juya. Ya zo aji yana cewa na'urarsa ta lalace. Da muka buɗe kwamfuta muka murza taya sau biyar, shi da kansa ya nuna mini inda alamar take. Ku kusanto da taswira, ku tabbatar da hannun da kuke, sannan ku danna.

A Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi take, hanya ta rabu: ɗaya ta nufi Bichi da Katsina, ɗaya ta nufi Dambatta. Kada ku dasa alama a tsakiyar mararraba ko a kan shataletale, domin daga can na'ura ba za ta san reshen da kuke nufi ba. Ku wuce mararrabar kaɗan, ku hau hanyar Dambatta, ku murza taya, ku dasa a nan. Haka za ku yi a Dambatta da Kazaure. Kada ku danna a kan sunan gari, don sau da yawa sunan yana tsakiyar gari ne, ba a kan babbar hanya ba. Ku dasa a kan kwalta bayan an fita daga garin. Idan kun iso Daura, ku zaɓi takamaiman wurin da za ku sauka, misali titin da ke kusa da rijiyar Kusugu, ku kusanto, ku danna hagu, sannan ku danna maɓallin Esc da ke can saman allon rubutu ta hagu. Zane ya ƙare.

Aiki bai ƙare ba tukuna. Ku koma alama ta farko, ku kusanto, ku duba ko tana kan titi. Ku je ta biyu ku yi haka, ku je ta uku, har ta ƙarshe, ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Idan kuka ga layin hanya ya yi wani ɗan tsini ya fita gefe ya dawo, ko ya yi zagaye kamar zobe, to akwai alamar da ta sauka daga kan titi, sai ku ja ta ku mayar da ita. Idan hannunku ya goce, ku riƙe Ctrl ku danna Z, abin da kuka yi na ƙarshe zai warware.

Dole in faɗi wata magana a nan. Shekara da shekaru ina maimaita wannan, amma har yanzu ina ganin magidanta masu furfura suna danna alama shida a cikin minti ɗaya, su ɗago kai su ce sun gama. Ba ku gama ba. Wanda ya ƙi ba kwamfuta minti goma zai biya da fetur da rana a kan hanya, wataƙila da goyon iyali a bayansa. Ba zan duba aikin kowa ba sai ya nuna mini kowace alama a kusa. Wanda ya yi a hankali kuwa, ko da sau uku ya sake, yana kan daidai, kuma hannunsa zai saba.

Darasi na uku: zango da turke

Alama iri biyu ce. Akwai wadda na'ura za ta sanar da ku idan kun iso, mu kira ta zango, kamar gidan mai ko masallacin da za ku tsaya salla. Akwai kuma wadda aikinta riƙe igiya kawai, ba a sanarwa, mu kira ta turke. Ku danna hanyar sau biyu da sauri, jerin alamomi zai fito. Ku danna dama a kan wadda ba za ku tsaya ba, ku zaɓi layin da ya fara da "Don't Alert". Ku rage zanguna, domin idan kuka wuce zango ba ku bi ta kansa ba, na'ura za ta dage sai kun koma, har sai kun ce mata ta tsallake shi. Na'urorin zūmo da dama ba sa ɗaukar fiye da zango 29 a tafiya ɗaya, ban da masauki na ƙarshe. Duk turken da kuka ƙara, ku kusanto da taswira kafin ku dasa shi.

Darasi na huɗu: tura hanya cikin na'ura

Ku ba hanyar gajeren suna, kamar Kano Daura. Ku haɗa na'ura da wayar USB, ku jira sunanta ya bayyana a gefen hagu. Ku danna dama a kan hanyar, ku zaɓi "Send To", ku zaɓi na'urar. Hanyar za ta shiga a matsayin fayil irin na GPX. Kada ku fizge waya kafin kwamfuta ta ba da izinin cirewa.

Darasi na biyar: kafin tashi

Ku kunna na'ura a waje, inda sama take buɗe, ta kama taurarin ɗan Adam. Ku buɗe hanyar a sashen "Trip Planner", ku kwatanta yawan kilomita da wanda kwamfuta ta nuna. Idan tazarar ta yi yawa, ku koma darasi na ɗaya da na biyu. Ku sa hular kwano, kuma kada ku taɓa allo babur yana tafiya.

Aikin gida: ku zana hanyar dawowa daga Daura zuwa Kano a matsayin sabuwar hanya, domin hannun titi ya sauya. Ku zo da ita ranar darasi na gaba.